Sitiyarin da Ya Fita Ƙofar Elias

Ɗan Iya, Bauchi
28 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Hammajoda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya sanyin Gembu, yaya aikin hanya, yaya kuma kunnen? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je Inkil ranar Juma'a ta duba Goggo Khadijatu da yara, ta ce masarar bayan gidanka ta fi ta tsawo. Na san waya ba ta yi maka amfani tunda ƙarar katafila ta taɓa maka ji, shi ya sa na rubuta. Ɗanlarai direba zai kawo maka in ya zo ɗaukar piya.

Kawu, magana ce a kan sitiyarinka. Shekara biyu ke nan da ka bar min majalisar masu kallon tseren mota a gidan kallon Elias, ban taɓa kawo maka ƙara ba. Dokarka muna binta yadda ka bar ta. Kowa da direbansa. Wanda direbansa ya ci tsere shi zai tafi gida da sitiyarin tsohuwar Fijonka, ya yi ƙarce ɗaya da ƙusa a jikinsa, ya riƙe har tsere na gaba. Wanda abin yake hannunsa kuma shi zai miƙa, da hannu biyu.

To shekaranjiya Lahadi direban Jesse ya ci. E, Jesse mai faci, wanda ya shekara shida yana bin yaron nan mai koriyar mota da kullum yake ƙarewa a na goma sha wani abu. An yi ruwa, ya taso daga na goma sha biyu ya zo na ɗaya. Sitiyari yana hannun Malam Abdulsalam na sakateriya. Ya tashi ya miƙa da hannu biyu, da fara'arsa. Da aka ba Jesse ƙusa, don ɗoki ƙarcen ya fito a karkace. Ya tafi da shi ya rataya a rumfarsa, saman injin iska, duk wanda ya kawo taya sai ya ji labari.

Jiya da safe sai ga Malam Abdulsalam a garejinmu da takarda da ya bugo a ofis. Wai alƙalan tsere sun zauna awa uku bayan an tashi, sun ce tayar yaron ta baya ta haye farin layi lokacin da yake fitowa daga wurin canjin taya. Sun ƙara masa sakan biyar. Ya koma na biyu, direban Malam ya zama na ɗaya. Malam ya ce a karɓo masa sitiyari. Ga shi kuma an shiga hutun tsere, sai talatin ga Agusta za a dawo.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Wannan layin a watan Mayu direban babbar ƙungiya ya haye shi ƙafa biyu, duk mun gani, jan kunne kawai aka yi masa. Kuma in laifi ne, me ya hana su faɗa ana cikin gudu? Yaron ya ba na bayansa sakan bakwai, da ya ga ya tsira sai ya sassauta a zagaye ukun ƙarshe don lallaɓa taya, tazarar ta dawo uku. Da sun gaya masa da bai ɗaga ƙafa ba. Suka bari ya hau dandamali, aka buga taken ƙasarsu, uwarsa tana kuka a talabijin, sannan suka fito da takarda. A garejinmu in oga ya ga ka ɗaure noti ba daidai ba a nan take yake faɗa. Ba ya bari mota ta kai Jos sannan ya aiko saƙo.

Na gaya wa Malam ya yi haƙuri in tambaye ka, tunda kai ka kafa abin. Wa ke da sitiyari? Ka ba Ɗanlarai amsa ya juyo da ita.

Ɗanka,
Mansir


Ɗan Iya, Bauchi
12 ga Agusta

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ruwan da ake ta faɗa bai taɓa ku ba. Kowa lafiya, sai matata Habibatu da ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta tashi. Ɗanlarai bai dawo ba. A tasha sun ce ruwa ya tafi da wata gada a ƙasan dutse, manyan motoci duk sun tsaya. Wannan zan ba wani mai ƙaramar mota da ya ce ya san sansaninku.

Na je wurin Jesse na gaya masa abin da takarda ta ce. Bai daina buga iska ba. Da ya gama ya ce, "Mansir, ni na ga yaron ya fara wuce tutar ƙarshe. Kai ma ka gani." Ya ce zai kawo sitiyari ranar tsere na gaba kamar yadda doka ta ce, kafin nan ko sa'a ɗaya ba zai rage ba. Malam Abdulsalam kuma ya ce watan nan nasa ne, kuma ƙarcen ba ya kan ƙa'ida. Har wani ya kawo shawara a kai wa mai gyaran jikin mota ya shafe shi da fila. Na ce duk wanda ya kusanci sitiyarin nan da fila ni da shi ne.

Da a nan abin ya tsaya da ban sake damunka ba. Amma magana ta fita daga majalisa. A teburin mai shayi wani da bai taɓa kallon tsere ba a rayuwarsa ya ce don Jesse ɗan coci ne ake son ƙwace masa. Wani ya amsa masa da abin da ya fi wannan muni, ba zan rubuta ba. Ka san garin nan, ka san inda irin wannan magana take kai mutane. Shekara tara ana zama a benci ɗaya. Jesse daga coci yake wucowa da rigarsa ta Lahadi, in mun fita sallar la'asar shi ke tsare mana tsere, mu dawo ya faɗa mana wa ya wuce wa, har da kwaikwayon ƙarar mota. Yanzu shi da Malam in sun haɗu a hanya hannu kawai suke ɗagawa.

Elias ya kira ni gefe. Ya ce mu goma sha ɗaya ne kawai, masu ƙwallo kuma sun fi ɗari, kullum suna roƙonsa talabijin ɗinmu. Don kai ya bar mana. In muka dawo ranar talatin ga wata da rigima a baki, zai juya tasha, kuma ba zai juyo ba.

Abin da ke ba ni haushi, waɗanda suka haɗa wannan suna can cikin ɗaki mai sanyi ba su san akwai wani gari Bauchi ba. Littafin dokarsu, in ji Malam, ya fi shafi ɗari uku, kuma kowace shekara sai sun ƙara. Mutum ya zauna awa biyu yana kallo da idonsa, a ce masa abin da ya gani ba shi ne ya faru ba.

Ban ruɗe ba, Kawu. Ina lallaɓa kowa. Amma kalmarka nake jira.

Mansir


Gembu
3 ga Agusta

Ɗana Mansir,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta 28 ga Yuli ta same ni lafiya. Na ji daɗin labarin ƙafar yayata. Ka gaishe ta, ka gaishe da Habibatu, in ka je Inkil ka ce wa Khadijatu kada ta bari a karya masara ɗanya. Kunne yana nan yadda ka sani. Sanyi kuwa ba a magana, da bargo biyu nake kwana a watan Agusta.

Na yi wa Jesse murna, wallahi har na karanta wurin sau biyu. Amma ga abin da na gani. Tsere nasu ne, motoci nasu ne, mu 'yan kallo ne. Ni nan in na share hanya kilomita guda injiniya ya zo ya ce ba ta yi ba, ko na ga ta yi, sake ta nake yi, don shi ke da takarda. In kowa ya ce sai abin da idonsa ya gani, ba za a gama hanya ba. Saboda haka ka bi abin da alƙalai suka faɗa. Ka karɓo sitiyari ka ba Abdulsalam, ka ba Jesse haƙuri da bakina. Ƙarcen a bar shi.

Lokacin da na kafa abin nan ban yi tunanin wannan ba, gaskiya. Sitiyarin na ciro ne ranar da aka yanka Fijo aka sayar da ƙarfenta, ban iya barinsa ba. Da na san haka za ta faru da na taho da abina na rataya a cikin katafila.

Ɗanlarai yana hanzari, ana cewa ruwa ya fara cin gada. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka,
Hammajoda


Ɗan Iya, Bauchi
22 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Duk muna lafiya, na kai saƙon masara. Ɗanlarai ya iso shekaranjiya bayan kwana goma sha bakwai a hanya, piyarsa rabi ta ruɓe. Takardarka ta zo da alamar ruwa amma tana karantuwa.

Ga abin da ba ka sani ba lokacin da ka rubuta. Ranar sha bakwai ga wata ƙungiyar koriyar mota ta ɗaukaka ƙara, ta kawo hoton kyamarar da ke jikin motar. Wasu alƙalan daban suka zauna suka ce tayar a kan layi take, ba ta haye ba. Suka cire sakan biyar, suka mayar wa yaron nasararsa. Ƙungiyar direban Malam kuma ta ce ba ta yarda ba, za ta kai gaba, a zauna a watan Oktoba. Ka ji mutanen da muke jira.

Na yi kuskure, kuma nawa ne. Don kada wani ya ce na taɓa maganarka, ban buɗe takardar ba. Na tara majalisa jiya bayan Juma'a a wurin Elias, na yage ambulan a gabansu, na karanta da ƙarfi ban san abin da ke ciki ba. Da na kai "ka bi abin da alƙalai suka faɗa" sai mutanen Jesse suka ce to magana ta ƙare, alƙalai sun ce yaronsu. Da na karanta layi na gaba sai na Malam suka ce a'a, ga suna nan Kawu ya kama. Takarda ɗaya, kowa ya riƙe rabinsa. Na nuna musu kwanan wata, ba wanda ya duba.

Sai na kai inda ka ce da ka taho da abinka. Nan Jesse ya miƙe ya ce in mai sitiyari ya yi nadamar barinsa, shi ba zai riƙe kayan da ake nadama a kai ba. Zai kawo ranar talatin ya ajiye, daga nan ya koma sauraron tsere a wayarsa. Ni ma layin nan ya zauna min a ƙirji. Na ɗauka kana nufin ban riƙe amanar ba. In haka ne ka faɗa min kai tsaye, zan ɗauka.

Amma kafin nan, ka gafarce ni, wannan karon ba zan jira Ɗanlarai ba. Saura kwana takwas. Injiniyanka mutum ɗaya ne, in ya ce a sake an san abin da za a yi. Waɗannan yau su ce fari, jibi wasu su ce baƙi. In muka ɗaure sitiyari a jikin takardarsu, zai yi ta yawo tsakanin rumfar faci da sakateriya har ƙarshen shekara.

Kuma na lura da wani abu. Malam ya riƙe sitiyarin nan ya fi kowa, amma ban taɓa ganin ya rataya shi ba, a but ɗin motarsa yake kwana har Lahadi ta zagayo. Ba ƙarfen ne a ransa ba. Shi kaɗai ne cikinmu yake iya karanta dokokin nan da Turanci ya fassara mana, kuma ka ga fuskarsa in yana yi. In aka ce takarda ba ta da amfani, kamar an ce shi ne ba shi da amfani. Ta nan zan shiga. Na san abin da zan yi, kuma ina ganin zai yi.

Mansir


Ɗan Iya, Bauchi
1 ga Satumba

Kawu,

Sallama. Lafiya ƙalau muke, ina fata kai ma haka. An ce an gyara gada.

Ranar Alhamis na je gidan Malam Abdulsalam da yamma. Ban yi maganar sitiyari ba. Na ce ya fassara min hukuncin farko da na biyu, don na kasa gane yadda layi ɗaya ya haifi magana biyu. Ya ɗauko tabarau. Ya yi kusan awa yana bayani, tun yana kare su har ya fara tsaki da kansa, ya ce sakin layi na huɗu ya ci karo da na tara, wanda ya rubuta ko a ƙaramar hukuma ba zai riƙe aiki ba. Na ce to Malam, wannan karatun majalisa tana bukatarsa, amma ba don a karɓe wa wani abu ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Daga nan na wuce wurin Jesse na ce ya ba ni Lahadi ɗaya tak, ya zauna har a tashi.

Ranar Lahadi kafin a kunna na tsaya a gaban talabijin. Na ce daga yau doka biyu ce. Ta ɗaya, wanda direbansa ya fara wuce tuta muna gani, shi ke da sitiyari, kuma in ya fita ƙofar Elias ba takardar da za ta dawo da shi. Ta biyu, duk Litinin da alƙalai suka fito da wani abu, Malam zai kawo ya karanta mana, mu ji irin wautar da aka yi.

Malam ya ce, "To ke nan tseren Bauchi daban, na duniya daban?"

Na ce, "Sitiyarin ma na Bauchi ne, Malam."

Aka yi dariya, shi bai yi ba, amma ya zauna. Da muka fita la'asar na waiwayo, Jesse yana nan ya matso gaban benci yana tsare mana.

Direban Malam ne ya ci, ba gardama. Jesse ya ciro sitiyari daga buhu, ya goge shi har yana ƙyalli, ya miƙa da hannu biyu. Malam ya yi nasa ƙarcen dab da karkataccen nan.

Sai jiya da hantsi Malam ya aiko a kira ni rumfar Jesse. Na same shi da takarda a hannu ɗaya, buhu a ɗaya. Ya karanta mana a tsaye, masu jiran faci suna saurare. Wai an auna fiffiken bayan motar direbansa bayan tsere, ya wuce ƙa'ida da abin da bai kai kaurin farce ba, an cire shi gaba ɗaya. Nasara ta koma kan na biyu, direban Elias. Ya ninke takarda, ya ce shi mutum ne mai bin ƙa'ida, bari ya kai wa Elias kayansa.

Jesse ya ajiye ƙarfen cire taya ya ce, "Malam, ina za ka kai shi? Ai ya fita ƙofa."

Malam ya daɗe yana kallon buhun. Sannan ya tambayi Jesse ko yana da ƙusa doguwa, yana son rataya shi a falo.

Elias ya yi ta mita, wai shekara huɗu rabonsa da sitiyari, an zo kansa an canza doka, mu da hukumar tsere duk ɗaya ne. Na ce bambancin shi ne mu mun faɗa kafin a fara tsere. Ya ce talabijin dai tamu ce, amma in direbansa ya ci na gaba ƙarce biyu zai yi. Na ce ba zai yi ba.

Na saɓa maganarka, Kawu, kuma ban ɓoye ba. In akwai hukunci ina jira.

Mansir


Gembu
9 ga Satumba

Ɗana Mansir,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Takardunka uku rana ɗaya suka zo, na jera su na karanta bi da bi, ta farko ta tayar min da hankali, ta ƙarshe ta kwantar.

Babu hukunci. Dokarka ta fi tawa, a bar ta haka. Maganar da ta zauna maka a ƙirji kuwa, ba da kai nake ba, ba kuma da Jesse ba. Kewa ce ta yi magana. Shekara biyu ban ga tsere ba, nan babu tashar, ko akwai ma ba na jin abin da suke faɗa. Ranar Lahadi da azahar zama nake yi a cikin katafila ina duba agogo, ina cewa yanzu sun tashi, yanzu Jesse ya shigo da rigar coci. Ka je ka karanta masa wannan wurin, amma ka fara karantawa kai kaɗai tukuna.

Sai dai ina da ƙara a kanka. Takarda huɗu ka rubuto min. Na san layi, na san sakan biyar, na san fiffike, na san sakin layi na tara. Yaro ya taso daga na goma sha biyu cikin ruwa ya zo na ɗaya, ka ba ni shi a layi guda. Wa ya fara wucewa? A ina? Yaushe ya canza taya, kuma me Jesse yake yi a lokacin? Mutanen nan sun ƙwace maka tseren kai ma ba ka sani ba.

Ka samu takarda mai yawa ka zauna, tun daga tashi har tuta, zagaye bayan zagaye. Wurin da kuka fita la'asar ka tambayi Jesse. Alƙalan ka bar wa Abdulsalam.

Kawunka,
Hammajoda